Jinjina ga Masu Riƙe Aji Kafin Malam Ya Dawo

Duk wanda ya taɓa riƙe makarantar firamare a ƙauye ya san ranar da cikin hedimasta ke ɗurar ruwa. Ita ce ranar da ɗaya daga cikin malamansa zai shigo ofis riƙe da takarda, ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, an sahale mini tafiya ƙaro karatu." Ko kuma malama ta aiko cewa likita ya ce ta zauna a gida har ta sauka. Hedimasta zai taya murna, ya yi addu'ar Allah ya sa a gama lafiya, amma a zuci lissafi yake yi: aji shida, malamai huɗu har da shi kansa, yanzu saura uku, ga shi zango bai kai rabi ba.

A cikin garin Birnin Kudu ko Dutse wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Makarantun cikin gari su kowa ke rububin a tura shi, saboda haka in malami ɗaya ya tafi ba a rasa mai zarafin shiga ajinsa. Amma ka sauka daga kwalta ka nausa ƙauyukan da ke bayan Sara da Basirka da Fagam a ƙasar Gwaram, ko lungunan Sundimina da Kwangwara da Yalwan Damai a ƙasar Birnin Kudu, za ka tarar da makarantun da tafiyar mutum ɗaya ke barin aji guda cur, wani lokaci biyu, ba mai tsaya musu a gaban allo. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Malamin ƙauye in ya ji wannan adadi, murmushi kawai yake yi.

Kuma tafiyar ba ta kwana biyu ba ce. Hutun haihuwa watanni yake ci. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, alhali zangon karatu guda bai wuce wata uku da 'yan kwanaki ba, wato malamar da mijinta ya rasu a farkon zango, in har ta zauna a ɗaki kamar yadda akasarin matanmu ke yi, yaran ajinta ba za su sake ganinta ba sai zango na gaba ya kankama. Mai tafiya ƙaro karatu kuwa shekaru yake yi. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana can arewacin jihar Jigawa, Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, Jami'ar Bayero tana Kano, babu wadda mutumin Gwaram zai je da safe ya dawo ya shiga aji da hantsi. Ga jinya, ga karaya daga haɗarin babur, wanda shi ne abin hawan mafi yawan malaman karkara. Ga aikin hajji. Ga damina, wadda ke raba malami da makarantarsa ko yana da ƙoshin lafiya. Mutanen Gwaram ba su manta da daminar 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka har aka yi asarar rayuka. Babu laifi ko ɗaya a cikin waɗannan dalilai. Wasu hakki ne na ma'aikaci, wasu hukuncin addini, wasu ƙaddara.

Duk da haka makarantun nan ba sa rufewa. Ƙararrawa tana kaɗawa, yara suna jeruwa a fili, ana kiran rajista. Akwai waɗanda ke sa hakan ya yiwu, kuma ba kasafai ake ambatonsu ba ranar rabon lambar yabo.

Na farko shi ne hedimasta. A ƙa'ida aikinsa kula da tafiyar makaranta ne, amma a ƙauye shi ne malamin ko-ta-kwana. Shi zai zauna da dare ya warware jadawalin darasi ya sake ɗinke shi. Zai haɗa aji uku da aji huɗu a ɗaki ɗaya. Zai rubuta wa 'yan aji biyar aikin lissafi a allo, ya ɗora monita a kansu, ya tsallaka ɗakin da ke kusa ya yi wa 'yan aji biyu karatun baƙi da wasali, kunnensa ɗaya yana can yana sauraron ko hayaniya ta tashi. Ranar da ya samu sarari ya zuba mai a babur daga aljihunsa ya tafi hedikwatar ƙaramar hukuma wurin sakataren ilimi, ya zauna a benci har a kira shi, ya ce, "Yallaɓai, a taimaka mana da ko mutum ɗaya ne." Amsar da zai samu ya riga ya san ta, "Malam, a ƙara haƙuri, muna sane," amma bai fasa zuwa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan zirga-zirga ta zama sadaka ta gaske. Ina jinjina masa.

Sai sauran malaman da aka bari, masu ɗaukar aji biyu da albashi ɗaya. A cikinsu akwai wanda na fi tausaya wa, malamin addini da Larabci, wanda a makarantu da yawa shi ne ɗan gari, shi ne ba ya fashi, saboda haka shi ake miƙa wa littafin lissafi ko na kimiyya a ce ya riƙe. Ba fanninsa ba ne, ya sani, amma sai ya kwana yana bitar darasin don kada ya kunyata a gaban yara.

Na uku su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu, wato malaman sa-kai. Babu mazaɓar da za ka shiga a Birnin Kudu ko Gwaram ka rasa matashin da ya gama NCE ko digiri ya dawo gida yana jiran aiki, yana noma da damina, yana ɗan acaɓa ko tireda da rani. Shi hedimasta ke fara tunawa. Zai je har ƙofar gidansu, ya gaisa da mahaifinsa, ya ce, "Baba, a ba mu aron yaron nan ya riƙe mana aji huɗu kafin Malama ta dawo." Babu takardar ɗaukar aiki, babu alkawarin albashi. Abin da zai samu shi ne abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta iya tattarawa a ƙarshen wata, in an tattara, wanda sau da yawa bai wuce kuɗin sabulu da katin waya ba. Wani wurin sai kaka ta yi a haɗa masa 'yan kwanukan gero ko dawa. Akwai kuma matar aure da ta gama sakandare aka kawo ta ƙauyen, wadda mijinta ya yarda ta riƙa shiga aji ɗaya da safe. Zuwanta kaɗai yana sa wasu iyaye su saki 'ya'yansu mata, domin sun san akwai mace a makarantar. Akwai tsohon malami mai takardar Gireti Tu, irin waɗanda aka horar a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ya yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo, amma in aka ce aji ba kowa sai ya sa hularsa ya fito. Irin waɗannan dattawa rubutunsu a allo kaɗai darasi ne.

Waɗannan mutane ba sa cikin kowane lissafi na hukuma. Ba su da lambar ma'aikaci, ba su da fansho, in sun faɗi a babur a hanyar makaranta babu ofishin da zai biya musu kuɗin ɗori. Amma yaro da yawa da ya samu shiga Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar da ta yaye irin su Aliko Dangote, ko makarantar haziƙai ta Bamaina, in ka bi sawunsa za ka tarar akwai zangon da wani ɗan sa-kai ne ya riƙe shi bai bari karatunsa ya yanke ba.

Jinjina ta huɗu ta gari ce. Kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, ya samo asali ne daga shawarar majalisar ilimi ta ƙasa a tsakiyar shekarun 2000, kuma Jigawa na cikin jihohi shida da shirin ESSPIN na tallafin Birtaniya ya yi aiki a cikinsu tun daga 2008, inda aka horar da kwamitocin. A wasu wurare suna ne kawai a takarda. Amma inda suka kama, za ka ga dagaci da liman da wakiliyar mata da wani ɗan kasuwa sun zauna a gindin bishiya sun yanke cewa kowane gida zai kawo abin da ya sawwaƙa. Liman ya sanar bayan sallar Juma'a. Wani ya ba da ɗaki kyauta don ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin kwaleji mai koyon aikin koyarwa ya samu wurin kwana. Wata ta ɗauki nauyin kai masa tuwon dare.

Wannan hali ba daga waje aka kawo mana shi ba. Tsangaya ta riga boko warware wannan matsala. Alaramma zai yi tafiyar wata da watanni, karatu bai tsaya ba, domin tun yana nan ya riga ya tsara wanda ke biya wa wa: gardi yana duba allon titibiri, titibiri yana jan kolo. Kowa ya san matsayinsa tun kafin ranar tafiya ta zo. Abin lura a nan shi ne tsarin yana nan tun malam bai tafi ba. Makarantar boko ta ƙauye ta gaji zuciyar taimakon, amma ba ta gaji shirin ba.

Gwamnati ma tana da nata rabon yabo, kuma ba zan hana ta ba. Shirin J-Teach da aka fara a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya ɗebi dubban matasa masu takardar koyarwa ya tura su azuzuwa a kan alawus, kamar yadda N-Power na tarayya ya yi tun 2016 a kan naira 30,000 a wata. Gwamna Umar Namadi, bayan hawansa a 2023, ya mayar da kimanin 3,000 daga cikinsu ma'aikata na dindindin, ya kuma ware wa ilimin matakin farko ma'aikatarsa daban. Wanda ya san yadda ritaya da mutuwa suka riƙa zaftare malamai shekara da shekaru ba a maye gurbinsu ba, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yabon gwani ya zama dole.

To, amma akwai wani rami da duk waɗannan ɗaukar aiki ba sa cikewa, kuma dalilin yana cikin yadda ake ƙirga malamai. Malamar da ke hutun haihuwa ko takaba, da malamin da ke Gumel yana karatu, sunayensu suna nan a jerin ma'aikatan makarantar. Albashinsu yana fita da sunan makarantar, kuma daidai ne ya fita. Saboda haka wanda ke zaune a ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Dutse, in ya buɗe takarda, zai ga makarantar tana da malamai huɗu. A wurinsa babu gurbi. Gurbi a idon hukuma shi ne na wanda ya mutu ko ya yi ritaya ko aka yi masa canji. Wanda yake raye, yake karɓar albashi, amma ba zai shiga aji ba har shekara biyu, tsarinmu ba shi da layin da zai rubuta shi, balle kuɗin da zai biya mai riƙe masa. Shi ya sa nauyin ke faɗowa kan hedimasta da talakawan gari, mutanen da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi wa alkawarin karatun shekara tara kyauta.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙoƙarin mutanen kirkin nan shi ke ƙara rufe ramin. Iya yadda gari ya iya toshe ɓaraka, iya yadda Dutse za ta kasa ganinta. Jami'in sa ido zai zo, ya leƙa azuzuwa, ya ga kowane da mutum a tsaye, ya tambaya, "Malam, ya aiki?" Hedimasta, da kunyarmu ta Hausawa da kuma tsoron kada a ce ya kasa, zai ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, komai lafiya." Jami'i ya sa hannu ya tafi. Nan ne aikin farko da ya rage a kan hedimastan da na yaba. Ya rubuta. Ranar da malami ya tafi, da dalilin tafiyarsa, da ranar da ake sa ran dawowarsa, da ajin da ya bari, da yawan yaran ajin, da sunan wanda ke riƙewa da abin da ake ba shi, duk su shiga littafin makaranta, su shiga wasiƙa zuwa ofishin sakataren ilimi, a ajiye kwafi, a maimaita kowane wata. Roƙon baki a benci yana tafiya da iska. Takarda mai kwanan wata ita ke zama hujja ranar da ake rabon sababbin malamai.

Kada kuma jinjina ta sa mu yaudari kanmu game da abin da yara ke samu. Riƙe aji daban, koyarwa daban. In aka cusa aji biyu a ɗaki ɗaya, na gaba suna jin maimaici, na baya suna jin abin da ya fi ƙarfinsu, malami yana kashe rabin lokacinsa wajen tsawatarwa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Sannan akwai wata al'ada da nake ganin kuskure ce babba: in malamai sun yi ƙaranci, sai a ba aji shida mafi ƙwarewa saboda jarrabawar shiga sakandare tana tafe, a bar aji ɗaya da biyu a hannun monita ko wanda ya samu sarari, a ce ai ƙanana ne, waƙa kawai suke yi. A ganina juya abin ya kamata a yi. Ɗan aji shida da ya iya karatu zai iya zama da littafi ya yi aiki shi kaɗai na rabin awa. Ɗan aji ɗaya da ya rasa zangon da ake haɗa baƙi, zai ja wannan giɓi har ya gama firamare, shi ne za ka gani a aji biyar yana kwafar abin da ke allo da kyakkyawan rubutu amma bai san abin da ya rubuta ba. Iyaye kuma suna lura. Uban da ya ga ɗansa yana dawowa ba sabon abu a littafinsa, ba zai yi gardama da kowa ba, zai tura shi gona ko kiwo kawai. Uwa za ta ɗora wa yarinya tallar ranar kasuwar Sara, daga ranar kasuwa abin ya zama kullum. Malama za ta dawo daga hutu ta tarar da rajista cike da sunaye, benci kuwa da sauran wuri.

Babban aikin da ya rage yana kan ofishin sakataren ilimi na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da hukumar SUBEB. Mafi yawan doguwar tafiyar malami ba ta zuwa ba zato. Ciki yana ba da sanarwar watanni. Izinin ƙaro karatu ofishin da kansa ke sa masa hannu. Maniyyaci yana biyan kuɗin kujera tun da wuri. Ranar ritaya kuwa an san ta tun ranar da aka ɗauki mutum aiki. Abin da ke zuwa kwatsam shi ne mutuwa da cuta da haɗari, kuma ko su an san ba shekarar da za ta wuce ba a yi su ba. Me zai hana a farkon kowane zango sakataren ilimi ya tara hedimastoci ya ce kowa ya faɗi wanda zai rasa da lokacin da zai rasa shi? Me zai hana a ce ba za a sa hannu a takardar tafiya karatu ba sai an rubuta sunan mai riƙe ajin a ƙasanta? Ba ina cewa a hana malami karatu ba. Makarantar da ke da malamai huɗu dai bai kamata a saki biyu daga cikinta a shekara ɗaya ba.

Daga nan sai maganar su wa za a tura. A Ingila makarantu suna da kason kuɗi na musamman don malaman riƙo, hedimasta ya buga waya da safe a aiko masa da mai takardar koyarwa. Ba mu da wannan wadata, amma muna da abin da za mu fara da shi. A ware wani kaso na 'yan J-Teach, kada a liƙa su a makaranta ɗaya, a ajiye su a matsayin malaman riƙo na mazaɓa: 'yan Kila su zagaya makarantun Kila, 'yan Kiyako su zagaya na Kiyako. A zaɓe su daga cikin 'yan yankin, domin wanda aka turo daga nesa alawus ɗinsa a tankin babur yake ƙarewa, ba a jima ba sai ya fara zuwa kwana uku a mako, daga baya ya nemi ɗan majalisa ya mayar da shi gari. A kuma sa musu kuɗin mai daban da alawus. Kuɗin ba zai gagara ba in an so. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗinsu, shugabannin ƙananan hukumomi ba su da bakin cewa abin ba a hannunsu yake ba gaba ɗaya. Shugaban da ke iya ɗaukar masu ba shi shawara barkatai zai iya ɗaukar malaman riƙo. Tarayya ma akwai bashi a kanta: ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin alawus na musamman ga malaman karkara. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022. A tambayi malamin ƙauye labarin alawus ɗin.

Su ma mutanen gari da kwamitinsu akwai gyara a gabansu, kuma a nan wani bincike daga Kenya yana da amfani. Tun daga 2005 masana uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, suka bi diddigin makarantun yammacin ƙasar da aka ba kwamitocin iyaye kuɗi su ɗauki ƙarin malami na wucin gadi a kan kusan rubu'in albashin gwamnati. Yaran da suka faɗa hannun waɗannan malamai sun fi samun ci gaba. Amma an gano abu biyu marasa daɗi: malaman gwamnati sun rage shiga aji da suka ga an samu mai yi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na guraben 'yan'uwan malaman makarantar ne suka samu. Inda aka horar da kwamitin iyaye kan yadda za su tantance su kuma sa ido, matsalolin biyu sun ragu. Biyu daga cikin masanan, Duflo da Kremer, suna cikin waɗanda suka samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019, amma wannan sakamako ko dagacin ƙauye zai iya faɗa maka shi. Da zarar an ce akwai alawus, ɗan mai unguwa da ƙanin hedimasta za su bayyana, wanda ya yi shekara yana yi kyauta a ture shi gefe. Maganin abin mai sauƙi ne: duk mai son riƙe aji ya tsaya a gaban yara ya koyar da darasi guda, kwamiti da jami'in ilimi suna zaune suna kallo, a zaɓa a bainar jama'a.

Akwai kuma wani abu da ke fakewa a inuwar sa-kai wanda bai cancanci jinjina ba ko kaɗan. Shi ne malamin da lafiyarsa ƙalau, ba izini ba dalili, ya koma gari yana kasuwancinsa, ya samu wani yaro ya ce ya riƙa shiga masa aji, ƙarshen wata ya yaga masa wani abu daga albashi. Wannan ba riƙo ba ne, haya ce ta aikin gwamnati, kuma hedimastan da ya rufe ido a kai ya zubar da ladan wahalarsa. Shi ne ma ke ɓata wa masu uzuri na gaskiya suna, har a riƙa yi wa mai jego kallon mai gudun aiki.

Shi ma mai tafiya da izini akwai hakki a wuyansa. Sau nawa malami ke tafiya da makullin akwatin littattafai a aljihu, ba wanda ya san inda ya tsaya a manhaja? Mako guda kafin tafiya ya isa ya zauna da mai karɓarsa, ya nuna masa dayari da rajista, ya ce nan muka tsaya a lissafi, waɗannan yaran ba su gama haɗa baƙi ba, wannan ba ya ji sosai a zaunar da shi gaba, waccan in ta yi fashi kwana biyu a aika gidansu. In da hali su shiga aji tare, yara su ga an miƙa su hannu da hannu. Yau da waya a aljihun kowa, kiran minti biyar a mako ba zai gagari wanda ke Kafin Hausa ba. Wanda kuma ƙauye ya yi haƙurin rashinsa shekara uku yana karɓar albashi da sunan makarantarsu, in ya dawo da digiri, mutunci ne ya koma ya biya su da shekarun koyarwa kafin ya fara neman canji zuwa gari. Hukuma ta rubuta wannan a cikin sharaɗin izinin, ta kuma tsaya a kai ko wa ya buga waya.

Tunda haɗa aji ba zai ƙare gobe ba, gara a koya wa malamai yadda ake yin sa da kyau. Fanni ne mai zaman kansa. Ƙasar Kolombiya ta gina tsarin makarantun karkararta a kai tun tsakiyar shekarun 1970, da littattafan da yaro zai bi da kansa da zaman rukuni inda babba ke jan ƙarami. Kwalejin Gumel da cibiyoyin horar da malamai na NTI suna iya sa shi a horon hutu, a fara da hedimastocin makarantun da malamansu ba su kai yawan azuzuwansu ba.

Na bar hakkin ɗan sa-kai a ƙarshe don shi ne mafi sauƙin biya, kuma shi aka fi mantawa. Ranar da Malama ta dawo, ana yi masa godiya, a ce Allah ya saka da alheri, ya koma kan babur ɗinsa. In an buɗe ɗaukar malamai, sai ya shiga layi ɗaya da wanda bai taɓa riƙe alli ba, wani lokaci ma wancan ya riga shi don yana da wanda ya tsaya masa. Ya kamata duk wanda ya riƙe aji zango guda ko fiye ya fita da takardar shaida mai sa hannun hedimasta da shugaban kwamiti da hatimin sakataren ilimi, ɗauke da sunan makaranta da aji da watannin da ya yi. A buɗe rajistarsu a ofishin ilimi na Birnin Kudu da na Gwaram. Ranar da SUBEB za ta sake tantance masu neman J-Teach ko aikin dindindin, a ba wannan takarda maki sananne da aka bayyana tun kafin jarrabawa, kuma wanda ya ci a fara tura shi makarantar da ya riƙe.